Finjali Mai Ɗigon Jan Fenti

Bana shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar yayana Ishaku. Har yau in na ɗora tukunyar kunu ta fara tafasa, sai in ji kamar in na waiwaya zan gan shi tsugune a bakin murhu, riƙe da littafin nan nasa mai baƙin bango wanda ake karantawa daga dama zuwa hagu. Na daɗe ina son in rubuta wani abu a kansa ina fasawa, domin a danginmu ba a cika ambaton sunansa a gaban baƙi ba. To bana dai na gaji da fasawa, wanda zai ji haushi ya ji.

Mu uku mahaifiyarmu ta bari: Yaya Alhaji Hamidu shi ne babba, sai Ishaku, sai ni Hajara auta. Kakanmu ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa da niyyar Makka, guzuri ya ƙare masa a bakin kogin Shari, ya ce bari ya ɗan tsaya ya nemi na gaba. Bai ƙara gaba ba. A nan Amrigebe, cikin Ndjamena, aka haife mu duka, muna Hausa a cikin gida, muna Larabcin Chadi da mun leƙa waje.

Isiyaku ne sunan da aka raɗa masa, kuma duk makarantar allonmu babu mai kaifin kansa. Yana saurayi ya shiga addinin Kirista, ya mai da sunansa Ishaku. Ba zan tsaya ba da labarin yadda aka yi ba. Ni Musulma ce, a kan haka nake roƙon Allah ya ɗauki raina, shi ma ya san da haka, bai taɓa ja da ni ba. Ya tafi Najeriya karatun addininsu, ya daɗe, sannan ya dawo a farkon shekarun casa'in da matarsa Rahila, Bazazzagiya, da kuma wani harshe da ya koyo, Ibrananci, harshen annabawan Bani Isra'ila.

A lokacin mahaifinmu ya riga ya rasu, gida ya koma hannun Yaya Alhaji, mai shagon yadi a unguwar Klemat. Bai kori Ishaku ba. Wani lokaci nakan ce da ma korar ya yi, da an san inda aka tsaya. Abin da ya yanke shi ne, ƙaninsa na iya zuwa gaisuwa, amma ba zai sha shayi a finjalin da sauran mutane ke sha ba. Da hannunsa ya tsoma tsinken ashana a ragowar fentin da aka shafa wa ƙofar gida, ya ɗiga ja a gefen wani ɗan finjalin gilashi. Ina tsaye aka yi.

Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci abokan Yaya Alhaji sukan taru a zaure, a ɗora shayi ja wur mai sukari. Duk Juma'a kuma sai ka ji ƙarar mobilet, tsohon babur ɗin Ishaku. Ya cire takalmi a waje, ya durƙusa, ya ce, “Yaya, barka da Juma'a.” A zuba masa a finjali mai jan fenti, ya karɓa da hannu biyu. Ni ina cikin gida wajen girki, bango ɗaya ne tsakaninmu, ina jin komai. Wani ya ce, “Lale da limamin Yahudawa.” Wani ya kama kakarin maƙogwaro wai yana kwaikwayon Ibrananci, zaure ya ɗauki dariya. Yaya Alhaji bai taɓa sa baki ba, amma bai taɓa hanawa ba, murmushi kawai yake yi a ƙarƙashin gashin baki, kuma kowa ya san murmushin maigida izini ne. Shekaru aka yi a haka.

Ishaku yana da 'yan mabiya masu jin Hausa, yawancinsu masu gadi da leburori daga Najeriya da Nijar, suna taruwa a wata rumfar kwano ranar Lahadi. Yana da wata ɗabi'a a aikinsa. Ba ya yarda da kalmar Hausa da zai fassara ta Ibrananci da ita sai ya gwada ta a kunnen wanda bai taɓa shiga coci ba. Ni ce kunnen. Yakan zo gidana da hantsi ya same ni a madafa, ya ce, “Hajara, ara mini kunnenki, nawa ya cika da wa'azi.” In ce, “Ka dai zo shan kunu, malam.”

A shekarunsa na ƙarshe wuri guda ya maƙale, inda wani annabi yake tsawata wa manyan ƙasarsa saboda girman kai da izgili. Ya ce mini a Hausa mukan ce girman kai mu wuce, su kuwa suna da kalmomi iri-iri. Akwai ge'ut, wadda asalinta tashi ne da kumbura, irin yadda Shari ke cika da damina har ya hau gonakin mutane. Akwai zadon, wadda take da dangantaka da tafasa. Ranar da yake mini bayanin wannan, muna cikin magana kunu ya taso ya zube, ya kashe wutar da ke ƙarƙashinsa. Ina salati ina neman tsumma, shi kuwa ya miƙe yana murna kamar an yi masa bushara, yana cewa, “Ga ta nan! Ita ce wannan!” Na ce ya biya ni kununa tukuna.

Ta ukun ita ce latson, wato izgili. Ya ce wannan ta fi ba shi tsoro, domin mai girman kai yakan ji magana ko da ya ƙi ta, amma mai izgili kafin maganar ta iso kunnensa ya riga ya mai da ita abin dariya, babu ta inda za ta shiga. Ina jin haka raina ya tashi. Na ce, “To me kake jira? Ai mutanen zauren Yaya aka zana. Ranar Juma'a ka buɗe littafin nan ka karanta musu, ka fassara da Hausa da Larabci, kowa ya ji da kunnensa.”

Sai ya buɗe littafin ya nuna mini wata 'yar kalma a farkon layin. Ya ce sunanta hoi, da ita annabin ya buɗe faɗan nasa. Mutane suna karanta ta kamar tsinuwa, amma asalinta kukan makoki ne, abin da mutum ke faɗa a kan gawar ɗan'uwansa, kamar mu ce wayyo. “Annabin nan kuka yake yi musu, Hajara, tun suna raye. Ni kuwa har yanzu haushin Yaya nake ji. In na karanta masa yau, ramuwa ce zan yi. Sai ranar da na iya yi masa kuka.”

Na ce masa wannan dai tsoro ne aka sa wa rawani. Ya yi dariya, ya shanye abin da ya rage a tukunya, ya hau mobilet ɗinsa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga garin nan yau. Kuɗin mai sun shigo, gidajen siminti sun tashi a Gudji inda da babu komai sai fili, Yaya Alhaji ma can ya koma, gida mai bene da ƙofar ƙarfe. Kowa da wayarsa a aljihu, in an yi wa mutum ba'a a Klemat da safe, kafin azahar ta kai ƙarshen gari. Ina jin da ya sami misalan ge'ut har ya gaji da nunawa. Lokacin da yaƙi ya shigo gari muka tsallaka gada zuwa Kusseri ta Kamaru, na ga masu manyan motoci da masu tura kura suna tafiya a ƙafa, kowa da tabarma a ka. Na tuna shi sosai a kan gadar nan. Na san da yana nan ba zai ce ga irinta nan ba, kayan wata tsohuwa zai karɓa ya ɗauka.

Ciwon hanta ne ya kwantar da shi, cikin damina. Juma'a ta zo babu ƙarar mobilet, wata ta zo haka. Yaya Alhaji ya fara aika direbansa ya tambayo jiki. Rahila, baiwar Allah, takan fito ta ce, “Da sauƙi.” Me za ta ce? Haka aka koya mana duka. Ko mutum yana gargara, in an tambaye ka jiki, da sauƙi za ka ce. Yaya Alhaji ya san wannan sarai, shi ma haka ya riƙa faɗa wa mutane a jinyar mahaifiyarmu har ranar da ta cika. Amma wannan karon sai ya riƙe kalmar da hannu biyu.

Na je na same shi a shago, na ajiye kunya gefe. Na ce, “Yaya, babu wani sauƙi. Idonsa ya yi rawaya, cikinsa ya kumbura, ko ruwa ba ya zama. Ka zo ka gan shi.”

Bai ɗago daga yadin da yake aunawa ba. Ya ce, “Ke likita ce? Matarsa ta ce da sauƙi. Kuma tun yaushe babba yake bin ƙarami gida? In ya ji ƙarfi ya zo Juma'a, finjalinsa na nan.”

Gaskiyar magana ita ce, Yaya Alhaji bai taɓa taka gidan nan ba, gidan da aka rataye gicciye a bango, kuma yana tsoron abin da mutanen zaure za su ce. Izgilin da ya bari ya yi girma a zaurensa shi ne ya dawo ya tsare masa ƙofa. Na koma, na sake komawa, amsar ba ta canja ba.

Shi kuwa Ishaku, duk sanda ƙofar ɗaki ta motsa sai ya juyo da kai. In ya ga ni ce, ko Rahila, ko wani daga rumfarsu, sai ya yi murmushi ya mai da kai. Bai taɓa cewa a kira masa kowa ba. Ana saura 'yan kwanaki ya rasu, ina ba shi ruwa da cokali, na ga hawaye na bin gefen fuskarsa. Na tambaye shi ko ciwon ne. Ya girgiza kai. Ya ce, “Yaya nake tunawa. Shi ya goya ni zuwa makarantar allo ranar da ƙaya ta soke ni. Yanzu kam zan iya karanta masa, Hajara. Sai dai babu numfashin.”

Ranar Alhamis da safe ya cika. Mutanen rumfarsa suka binne shi ranar Juma'a. Na tsaya a gefe da mayafina, ni kaɗai daga gidanmu.

Daga maƙabarta ban wuce ko'ina ba sai Amrigebe. Wallahi tafasa nake yi, na shirya maganganun da in na faɗe su ni da Yaya Alhaji mun rabu ke nan har abada. Na tarar babu takalmi ko ɗaya a ƙofar zaure, ya sallami kowa. Yana zaune shi kaɗai a kan tabarma, hularsa a ƙasa, ga tire a gabansa, finjali mai jan fenti cike da shayin da ya riga ya huce. Bai ma san na shigo ba. Yana kaɗa jiki yana cewa, “Wayyo Isiyaku. Wayyo ɗan'uwana.” Na tsaya a bakin ƙofa, duk abin da na ƙullo ya kwance. Ga kalmar da Ishaku ya yi shekaru yana jira ya iya faɗa wa yayansa, sai ga ta a bakin yayan, shi kuma ƙanin yana ƙarƙashin ƙasa.

Ba zan yi wa masu karatu ƙarya in ce wannan ya share mini hawaye ba. Bai share ba. Tafiyar ba ta da nisa, mota yana da ita, direba yana da shi. Kukan da ya yi a zaure, da a gefen gadon nan ya yi shi, da ƙaninsa ya tafi da wani abu a hannu. Wannan shi ne abin da har yau in na tuna nake kasa cin abinci.

Me ya rage na Ishaku? Rumfar kwanon an rushe ta, mabiyansa sun watse. Rahila ta koma Zazzau da littattafansa. Ni ina da kalmomi huɗu na harshen da ban iya ba, kuma tun daga lokacin, in bakina ya ɗauko faɗa, ni da na yi suna wajen faɗa, nakan tsaya in tambayi kaina ko zan iya yi wa mutumin kuka. Sau da yawa amsar a'a ce, sai in haɗiye.

Sai kuma finjalin. Yaya Alhaji ya tsufa, hawan jini ya taɓa masa ɓari guda, majalisar zaure ta daɗe da mutuwa. Da suka tashi zuwa Gudji an bar tarkace da yawa, amma finjalin a aljihun rigarsa ya tafi, kuma tun Juma'ar da aka binne Ishaku ba ya shan shayi a wani sai shi. Jikokinsa sukan gargaɗi baƙo, “Kada ka taɓa wannan, na Alhaji ne, shi ya sa aka yi masa alama.” Ban taɓa gyara musu ba.

Watan jiya na je gaishe shi. Ina zuba masa shayi ya riƙe mini hannu da hannunsa mai lafiya, ya yi tambayar da bai taɓa yi ba cikin shekara goma sha biyu. Ya ce, “Hajara, ya neme ni?”

Na dubi tsohon nan, bakinsa a karkace, idonsa a kaina. Na san amsar da aka koya mana, mai sauƙi, wadda ake ba mara lafiya. Amma irin wannan amsar ce ta raba shi da ƙaninsa, ban ga dalilin sake ba shi ita ba. Na ce, “Duk sanda ƙofa ta motsa, Yaya.”

Ya saki hannuna. Ban san lokacin da na fara kuka ba, kuma ba Ishaku nake yi wa ba a wannan karon. Da na natsu na ɗauki finjalin na kai bakinsa, ya sha ta gefen da fentin yake.