Kwanon Maƙwabci Ba Ya Komawa Wayam

Shekarar da fara ta cinye mana gero ina yarinya, a ƙauyenmu kusa da Bande. Abin da ya rage a gidanmu kaza ɗaya ce da 'yar tukunyar iri. Baba ya cakuɗa geron irin da toka saboda ƙwari, ya liƙe bakin tukunyar da laka, ya ce duk wanda ya taɓa ta ya kashe mana damina. Mu kuwa tafasa muke ci safe da yamma, har kashinmu ya koma kore.

Kumandan, Nasaran da ke mulkin ƙasarmu, bai aiko mana da komai ba sai masu karɓar lanho, harajin nan nasu. Sai ga wani Nasara daban, ɗan mishan, shi da matarsa, sun zo daga Damagaram da raƙuma ɗauke da dawar da majami'arsu ta tara. Ba su san kowa ba, don haka suka haɗa kai da matan sadakar Juma'a, tsofaffin da suka saba tara hatsi tafi-tafi suna dama wa marasa lafiya kunu. Babbarsu, wadda duk gari ke kira Iya, ta faɗa musu gaskiya: magidanci a nan gara ya mutu da ya tsaya layi da ƙoƙo. A dafa, a aika gida-gida, kamar maƙwabci ya aika wa maƙwabci.

Dabara ce mai kyau. Abu ɗaya Iya ta ji nauyin faɗa wa baƙi: a wurinmu kwanon maƙwabci ba ya komawa wayam.

Tuwo ya iso mana cikin farin kwano mai shuɗin baki. Muka suɗe shi tas. Inna ta wanke, ta saka ƙwai ɗaya, ta mayar. Maƙwabta ma haka: wannan daddawa, wancan garin kuka, wani makaho ya saka hularsa. Madam, matar Nasaran, ta ga kaya sun taru, hawaye ya zubo mata. Ta ce ta bakin tafinta ba ta taɓa ganin mutane masu kyauta irinmu ba. Don godiya sai ta ce a ƙara yawan tuwon. Babban tuwo kuwa babban tukuici yake so. Har yau in na tuna, raina ɓaci yake.

Da farko ƙwan nan ya rufa mana asiri. Madam tana raba abin da aka kawo mata, sai ya dawo gidanmu, Inna ta gane shi da ɗigon baƙin tukunya, ta sake mayarwa. Haka ya yi ta zagaya gari har ranar da Madam ta dafa shi. Daga nan kazar ta tafi. Washegari na tsinci wuyanta a miya.

Inna ta fara neman rabuwa da kwanon. Ta manta shi da gangan a bakin rijiya, aka biyo ta da shi har gida. Ta maka shi da turmi, ya ɗan lotsa kawai.

Baba ya ce, "Ki ce musu mun ƙoshi mana."

"Da wane bakin, Malam? Dubi haƙarƙarin yaran nan."

Iya da kanta ta zo ta ce, "Ke 'yar nan, maido shi haka nan, wa zai gani?"

"Iya, ke kin taɓa yi?"

Iya ta sunkuyar da kai. Ashe ita ma a kan ƙasa take kwana, tabarmarta tana wurin Madam.

Ranar da Baba ya tafi yankan kaba, Inna ta zagaya gidan da wankakken kwano a hannu. Ba komai. Na ga ta durƙusa gaban tukunyar, ta fasa lakar. Ta cika kwanon, ta rufe da faifai, ta kai da kanta, tana tafe kai a sama. Na ji tsoro, amma wallahi na ji alfahari ma, abin da ke ba ni haushi ke nan yanzu.

Washegari da yamma hadari ya fara haɗuwa a gabas, tuwo ya iso. Ba na dawa ba ne, na gero ne, Madam ta ce a canja mana baki. Baba ya yi bisimilla ya kai loma. Sai ya daina tauna. Ni ma na ji ta a harshena: toka.

Bai dubi tukunyar ba, bai dubi Inna ba. Ya ci gaba da ci a hankali, ya tura mana sauran, ya wanke hannu.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Bana mun yi girbi da wuri."

Inna ta ɗauki kwanon ta wanke. Ta tsaya da shi a tsakar gida, tana dube-dube.