Shekara Shida Babu Bashir, Gyaransa Na Aiki

Shekara shida ke nan da rasuwar ƙanena Bashir. A Kaura Namoda muka tashi, ni na gaji shagon hatsin mahaifinmu, shi ya bi boko har ya zama mai rubuta manhajar kwamfuta.

Aikinsa na ƙarshe wata manhaja ce da ke tura sakamakon gwajin jini daga ƙananan asibitoci zuwa ga likita a cikin gari, don a rage ɗora marasa lafiya a mashin ana bin hanyar da kowa ke tsoro. Ta yi aiki lafiya lau a kwamfutarsa, amma ta ƙi harhaɗuwa, balle ta yi aiki, a tsohuwar kwamfutar wani asibiti a Zurmi.

Na iske shi a zaure ya dafe kai. Ya ce kowace kwamfuta tana da ɗan sashen da ke gano adireshin 'yar'uwarta daga sunanta, sai dai ba wuri ɗaya ake ajiye shi ba, kuma ba suna ɗaya yake amsawa ba.

"Yaya, mu munka yi kuskure," in ji shi. "Mun aza yana nan, ba mu duba ba."

Sai ya rubuta gwajin da zai gudana kafin a fara harhaɗa manhajar: a lalubo sashen, a kira shi da kowane suna. In ya amsa a ci gaba, in bai amsa ba a tsaya a faɗi abin da ya ɓace. Manhajar ta yi aiki a Zurmi. Ya ɗauki gyaran zai kai Shinkafi, 'yan bindiga suka tare motarsu. Gawarsa aka kawo mana.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Hanyar ba ta gyaru ba, gonaki da yawa sun koma daji. Na san ransa zai ɓaci, kuma na san da ya sake shiga motar nan.

Bara matata ta kwanta rashin lafiya a garinsu, can wajen Moriki, hanya kuma a rufe. Ma'aikaciyar asibitin garin ta tura gwajinta ta manhajar, likita ya faɗi magani kafin la'asar. Na tambayi wani abokin aikin Bashir ko an sauya manhajar. Ya ce an sauya kusan komai, ban da gwajin nan da Bashir ya rubuta, don babu wanda ya ga abin gyarawa a cikinsa.

Matata ta tashi. Allah Ya jiƙan Bashir, Ya kai masa ladan.