Ruwan Mushe Aisami Ya Tsaya a 98

Mushe Aisami (Mushe muke ce wa malamin makaranta a nan) ya shekara ashirin da biyu yana koyar da kimiyya a wata kwaleji a Gure, kuma bai taɓa tafasa ko cokalin ruwa a gaban ɗalibai ba. Ba laifinsa ba ne, kayan aiki ne babu. Da alli yake gwajinsa: ya zana tukunya, ya zana wuta da tururi, sannan ya karanto musu rahoton su rubuta. Ni da nake koyar da lissafi a ajin da ke jikin nasa, ta bango na haddace ƙarshen rahoton, wai mun ga ruwa ya tafasa a digiri ɗari.

Bana wani tsohon ɗalibinsa ya aiko masa da ma'aunin zafi daga Damagaram. Dattijo da furfurarsa, sai ga shi yana yawo da abin a aljihun gaba kamar sabon alƙalamin bik. Ranar wata Talata ya ɗauko murhun gawayi da butar shayinsa, ya tara yara sittin da uku a gindin dogon yaro.

Ruwa ya tafasa, ma'auni ya tsaya a 98. Ya ƙara gawayi, ya yi fifita har rigarsa ta jiƙe, abu ya ƙi motsi. Ya sa kowane yaro ya matso ya duba da idonsa. A karon farko bai karanto musu komai ba, ya ce kowa ya je ya rubuta abin da ya gani.

Da muka bincika, ashe ma'aunin lafiyarsa lau. Garin da ke kan tudu kamar namu, ruwansa ba ya jiran ɗari. Wannan bai dame shi sosai ba. Takardun yaran ne suka kashe masa jiki, don sittin da biyu sun rubuta ɗari. Wallahi ni ma sai da na sake ƙirga takardun. Yaran nan ɗaya bayan ɗaya suka leƙa ma'aunin, ina tsaye.

Ya ce mini in haka ne, shekara ashirin da biyu bai koya wa kowa duba abu ba. Takarda ɗaya ta rage masa, ta wata yarinya Habsu, wadda ta rubuta 98. Ya ware ta gefe zai yabe ta gaban aji.

Kafin ya tashi daga teburinsa sai ga Habsu a bakin ƙofa, kanta a sunkuye.

"Mushe, a ba ni takardata in gyara. Yayana Illa ya ce ɗari kuka koya musu."

Ya ɗauko takardarta ya sake dubawa. Sannan ya tambaye ta a hankali, "Ke, da idonki, nawa kika gani?"

Habsu ta ɗago kai ta tsura wa fuskarsa ido, tana neman amsar a can.