Ranar Da Aka Kware Kwanon Ɗakina A Agege

A shekarar da soja suka miƙa mulki, ni ɗan tumatir ne a kasuwar Mile 12, ina haya a Agege, ina biya shekara-shekara. Mai gidan dattijo ne ɗan garinmu, sahu ɗaya muke sallah, Baba nake kiransa. A lokacin ko mutum ya rantse mini cewa mugu ne, sai na yi faɗa da shi.

Da motar kayana ta lalace a hanya tumatir ya ruɓe, kuɗin shekara ya gagare ni, ga matata da tsohon ciki. Baba ya ce kada in damu, in koma biyan wata-wata, sai dai da ɗan ƙari. Har ƙasa na durƙusa ina godiya. Wata Bayarabiya tela, maƙwabciyarmu, ta ja ni gefe ta ce a Legas mai biyan shekara sai an ba shi wata shida kafin a tashe shi, mai biyan wata kuwa wata ɗaya ne kawai, don haka in nemi takarda. Na yi mata dariya. Da wane ido zan dubi dattijon garinmu in ce ya sa hannu? Kunya ta hana ni.

Matata ta haifi namiji, na sa masa sunan Baba. Ya zo suna, ya ɗauki jaririn ya tofa masa addu'a, ya ci naman rago. Kafin a kwashe tabarmi ya kira ni, ya ce daga wata mai kamawa haya ta ninka, in ba zan iya ba in ba shi ɗakinsa, don akwai mai biyan shekara biyu a hannu. Na roƙe shi ya bari a yi arba'in, tunda ya san ba a tayar da mai jego tana tsakiyar wanka. Ya yi murmushi ya ce gidansa ba masallaci ba ne.

Wata na ƙarewa ya turo kafinta ya kware kwanon ɗakinmu, wai gyara. Damina ce. Na dawo daga kasuwa na tarar da matata a rakuɓe a lungu, ta rufe yaron da leda, katifa ta jiƙe sharkaf. Sanyi ya shiga ƙirjinsa, bai kai arba'in ba. Baba ne ya ja sallar gawar. Bayan an dawo daga maƙabarta ya dafa kafaɗata ya ba ni haƙuri, sannan ya tambaye ni makulli.

Har yau ban yafe ba, kuma ba zan ɓoye ba. Ina gargaɗin 'yan'uwana masu zaman haya a Kudu: wanda ya ce ku koma wata-wata, ku tambayi abin da ke bayan tausayinsa, ku nemi takarda ko da ubanku ne. Ni kunyar minti ɗaya na ji, na biya da ɗana.