Akuyar da Ta Tsinke Ran Juma'a

Ni ɗan kamasho ne a tashar Jega, gefen da motocin Aliero da Maiyama suke lodi. Abdulmumin sunana. Ihu ne sana'ata, kuma kowa ya san ba a taka ni in yi shiru. Labarin Inna Gudiya mai tuwo zan ba ku, ko da yake akwai inda na shiga ciki, kuma ba shiga mai kyau ba.

Daga ƙasar Zuru ta zo, ita da mijinta Yusufu mai facin taya, tun babbar ɗiyarsu tana goye. Kiristoci ne, ba su taɓa ɓoyewa ba. Ran Lahadi rumfarta a rufe take, sai ka ga direbobi suna zagaya wurin suna tsaki, don wanda ya saba da tuwon shinkafarta da miyar taushe, in ya ci na wani wuri sai ya ji an cuce shi. Mace ce gajera mai ƙarfin hannu, ba ta da yawan magana. In ka cika ta da surutu sai ta ce, "Ci dai, ƙanena, miya na hucewa."

Tun ranar da ta kafa murhu ta san garin da ta zo. Nama wurin Ɗantsoho mahauci kaɗai take saye, shi da kansa yake kawowa da hantsi a faranti buɗe, kowa na gani. Ko kazar Kirsimeti ce sai ta kira maƙwabci Musulmi ya yanka, don ta samu ta aika wa gidajen unguwa. Shekara goma sha tara ana haka, ba wanda ya taɓa tambayar abin da ke cikin tukunyarta.

Sai wata Juma'a, ranar kasuwa, ta sayi akuya don bikin ɗiyar nan tata, ta ɗaure ta a bayan rumfa. Azahar ta yi, duk mazan tasha muka tafi masallaci. Akuya ta tsinke igiya ta faɗa titi, wata babbar mota mai ɗauke da albasa ta buge ta, ta wuce abinta. Inna Gudiya ta ruga har bakin kasuwa tana neman namiji Musulmi da zai yanka, ba kowa sai mata masu fura. Akuya tana shure-shure, za ta zama mushe. Yusufu ya jawo ta bayan rumfa ya sa mata wuƙa, don ko ba komai iyalinsa su ci.

Daidai lokacin muka dawo daga masallaci, tuli guda. Ga Yusufu tsugunne da wuƙa a hannu, ga jini yana gangarowa ta gefen murhu, ga tukunyar miya tana tafasa taku uku daga wurin. Inna Gudiya ce ta yi bayani tiryan-tiryan. Da idona na ga an sa akuyar a buhu ko fiɗe ta ba a yi ba, kuma ni na kira ɗan kabu-kabun da ya kai ta gida.

To, amma magana zarar bunu ce. Kafin la'asar labari ya hau mota. A Aliero aka ce dama kullum mijinta ke yanka, farantin Ɗantsoho na rufe ido ne kawai. Kafin ya kai Maiyama akuya ta zama kare. Wallahi da kunnena na ji wani fasinja da bai taɓa taka rumfar ba yana rantsuwa ya ga fatar!

Ran Asabar benci uku nata ba wanda ya zauna. Ran Litinin wani direba, Mas'ud, wanda tun yana yaron mota take ƙara masa miya, ya zo ya ce a zuba masa. Ta zuba da murna. Ya ɗauki kwanon ya kife shi a ƙasa gaban mutane.

"Shekara nawa kina ciyar da mu haram?" in ji shi. "Salloli nawa kika ɓata muna?"

Na tashi da benci a hannu, sai da mutum biyu suka riƙe ni. Ita kuwa ta dube shi, ta ce, "Ɗana, ban taɓa ba ka abin da addininka ya hana ba. Allah na gani." Ta ɗauko buta ta miƙa masa, don miya ta zubo masa a ƙafa. Sannan ta ɗauki tsintsiya ta share tuwon.

Raina ya ɓaci har da ita. Na ce, "Haba, Inna! Mutum ya yi miki wannan ki ba shi ruwa? Ki tsine masa mana!"

Ta ce, "Yesu da nake bi an faɗa masa abin da ya fi wannan, bai rama ba. Kuma Mas'ud ba mugunta ta sa shi ba, tsoro yake kada ya saɓa wa Allah. Mi zan tsine wa a nan?"

Ɗantsoho ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ya tsaya tsakiyar tasha ya ce ko ƙashi ɗaya bai shiga tukunyar matar nan ba sai daga teburinsa. Aka ce ai cinikinsa yake karewa. Da mutane suka fara ƙaurace wa nasa naman, sai ya daina kawo faranti, ya ce ta riƙa turo Yusufu ta bayan mahauta. Ban ga laifinsa sosai ba, yana da baki goma sha ɗaya a gida. Wani malami ma ya faɗa a wurin karatu cewa ko da Yusufun ne ya yanka, malamai da yawa sun halatta yankan ma'abota littafi. Mutane suka gyaɗa kai, suka ce haka ne, Allah gafarta malam. Washegari suka wuce rumfarta kamar ba su san ta ba.

Can cocinsu ma ba ta tsira ba. Yusufu ya gaya mini matan zumunta sun zo har gida, wasu suka ce ta kai ƙara wurin hakimi, wasu suka ce maganinta ke nan, shekara da shekaru tana lallaɓa mutanen da ba su ɗauke ta a bakin komai ba. Ta ce musu ba lallaɓawa take ba, maƙwabtanta ne. Ta roƙe su su yi addu'a da ita, har da sunan Mas'ud a ciki.

Masu cin tuwo suka koma wurin Munira, wata sabuwar mai abinci a ƙofar tasha. Tukwanenta ƙanana ne, kafin azahar ta ƙarar. Wata safiya na ga Inna Gudiya ta ɗauko babbar tukunyarta a ka, ta kai mata.

"Riƙe, ɗiyata. Ni yanzu ƙarama ta ishe ni."

Ni kam na ce wannan ba haƙuri ba ne, hauka ne. Ta yi dariya, karo na farko da na ga haƙoranta tun ranar akuyar nan. Kullum da safe kafin ta hura wuta sai ta sunkuyar da kai ta yi addu'a, ta dafa mudu biyu maimakon goma sha biyar, da yamma ta koma da rabi gida. Wata biyar ana haka. Ni kuwa ban bar kowa ya huta ba, duk wanda ya ambaci sunanta da sharri sai na wanke shi tas.

Wata Alhamis Inna Gudiya ta kira ni. Ta ce sun gama shawara, ran Asabar za su koma Zuru. Yusufu ma ciniki ya ja baya, an daina kawo masa taya.

"Zauna ka ci na ƙarshe," in ji ta. "Bakinka ya yi mini aiki, amma wata biyar cikinka bai zo gaishe ni ba."

Gaskiya ta faɗa. Kullum ina da dalili: yau na ci a gida, gobe ciki na ciwo. Na zauna ina dariyar yaƙe. Ta zuba mini malmala biyu, ta ɗora tsoka biyu manya. Na ci tuwo, daɗinsa na nan yadda na san shi. Na ɗauki tsoka na kawo baki. Ni da na ga buhu, ni da na kira mai babur, ni da na ɗaga wa mutum benci, sai na kasa sa ta a baki. Na san naman Ɗantsoho ne, na sani sarai. Hannuna ya ƙi. Na faki idonta na tura tsokar duka biyu ƙarƙashin sauran tuwon, na rufe kwano, na ce alhamdu lillahi, na ƙoshi.

Ta ɗauki kwanon ta buɗe a gabana. Ta daɗe tana kallo. Kunya ta kama ni har na ji da ƙasa ta tsage in shige. Na buɗe baki zan yi rantsuwa, ta ɗaga hannu.

"Bari, ƙanena, kada ka rantse. Na san ka yi ƙoƙari."

Ta ciro tsokar biyu ta sa a leda, ta ce Yusufu zai ci. Sannan ta zuba mini ruwa na wanke hannu, ta ce in gaida mutanen gida.