Yaunin da Ruwa Ya Ci

Har gobe idan mutum ya ce mini "ai kifi ne kawai", sai in ji wuyana ya ɗauki zafi. Na sha jin wannan magana daga maƙwabta, daga abokan sana'a, har daga bakin matata sau ɗaya, ita kuwa ba ta kuma ba. Na san kifi ne, ba makaho ba ne ni. Amma wanda bai san mafarin zance ba gara ya ja bakinsa ya yi shiru.

Ni aikin gilashi nake yi a Birnin Gwari, tagogi da ƙofofin alminiyom. Gidanmu kuwa gidan masunta ne. Mahaifinmu sana'ar su ya yi har ya rasu, yayana ya gaje shi, a kogin da ya ratsa daji can bayan Dogon Dawa. Ni ne na gudo gari na koyi sana'ar hannu, kuma Yaya bai taɓa barina na huta da gori ba. Wata damina ya shigo shagona da yankakkiyar jarka, ya dire mini ita a kan teburin da nake yanka gilashi.

"Ka guje wa ruwa, to ga ruwa ya biyo ka," in ji shi, yana dariya.

Ɗan yauni ne a ciki, bai wuce tsawon tafin hannu ba. Ya faɗo masa a raga, ya yi ƙanƙanta a sayar, shi ne ya kawo mini don tsokana. Wanda bai taɓa ganin yauni da rai ba bai ga abin kallo ba. Dogo ne siriri, wutsiyarsa kamar ta ɓera, da wani fiffike tun daga wuya har ƙarshen baya da yake kaɗawa kamar gefen zane a kan igiyar shanya. Ba ya lanƙwasa jiki in zai yi tafiya. Ya yi gaba a miƙe, in ya ga dama ya dawo da baya a miƙe, ba tare da ya juya ba.

Don in rama gorin, na haɗa masa akwatin gilashi daga guntayen da suka rage a shago, na ajiye a falo. Yaya ya zo ya duba ya yi tsaki. Ya ce haske ya yi yawa, yauni ba ɗan talla ba ne. Ya sa na jefa guntun bututun roba don ya samu maɓoya. Ya kawo busasshen ganyen baushe ya zuba, ruwan ya rine ya koma kalar shayi, ya ce haka ruwan gidansu yake. Sannan ya ja mini kunne a kan abu guda. Yauni yana hawowa sama ya shaƙi iska kamar ni da kai, saboda haka kada in cika ruwa har baki, in bar masa sarari, in rufe da ragar waya in danne da dutse don yana tsalle. Wannan shaƙar iskar ce ta sa ya rayu a gidana, don da injin hura iska zan dogara da shi, da wutar garin nan ta kashe shi tun makon farko.

Komawar da Yaya ya yi kogi bayan wannan, ita ce ta ƙarshe. 'Yan bindiga suka tsince shi a bakin ruwa, shi da komarsa. Yadda muka karɓo shi ba zancen da nake son yi ba ne. Ya dawo dai, ƙafafunsa duk tabon sarƙa, bakinsa kuma a rufe. Mutumin da a da ba a gama cin abinci da shi ba a ƙware da dariya ba, ya koma sai ka yi masa magana uku kafin ya ce "uhm". Ya kwaso iyalinsa suka kama ɗaki a gari. Masunci a gari, ba kogi, ba jirgi, me zai yi? Tsinannun nan ba su kashe shi ba, sun dai ƙwace masa ruwa sun bar mana gangar jiki. Allah ya isa tsakanina da su, kuma ba zan daina faɗa ba.

Wuri ɗaya kawai yake zama mutum, gaban akwatin nan. Kullum bayan la'asar zai shigo da gwangwanin madara cike da tana da ya tono a bakin lambatu, wani lokaci fara, in damina ce 'ya'yan kwaɗi. Ya ja kujera 'yar tsugunne ya zauna. Yaunin ya san shi. Da ya ɗan ƙwanƙwasa gilashi sai ka ga ya fito daga bututu a hankali. A nan ne nake jin muryar yayana. Ya ce mini ruwa ya yi nauyi, a rage kaɗan a ƙara na rijiya wanda ya kwana. Ya ce kada in kuskura in sa masa abokin zama, zai cinye shi. Ranar da yaunin ya cije ni a yatsa ina gyaran bututu, Yaya ya yi dariya har da riƙe ciki, ni kuwa jini na zuba ina murna kamar wawa.

Kifi ya yi ta girma, na sake masa akwati, na kuma sakewa, har ya kai tsawon hannuna. Duk ranar da Yaya zai tashi tafiya sai ya ce, "Ranar da hanya ta buɗe, ni da kai za mu mayar da shi gida." Ita ce kaɗai maganar gobe da nake ji a bakinsa. Saboda haka na riƙe kifin nan kamar ƙwai, don na san abin da nake riƙo.

Ana nan sai 'yan bindiga suka tashi ƙauyen su Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu. Ta iso gidana da ƙullin kaya ɗaya da carbi. Tsohuwa ce mai tsafta har ta yi yawa, kuma ba ta iya cin tuwon wani tana zaune ba. Kafin kwana uku ta kankare duk tukwanen gidan, ta share har bayan katanga. Akwatin kifin kuwa ya tsaya mata a rai. Ta wuce ta kalle shi ta girgiza kai.

"Ɗan nan, wannan baiwar Allah kuka bari cikin ƙazanta haka? Ga ruwa baki buɗe. A gidanmu ba a barin ruwa a buɗe."

"Gwaggo, haka yake so. Ki huta abinki, kada ki wahalar da kanki."

"To," in ji ta.

Da wane baki zan ce wa ƙanwar ubana "kada ki kuskura ki taɓa"? Ba a yi mana wannan tarbiyya ba. Na faɗa mata yadda ake faɗa wa manya. Ita kuma ta ji yadda manya suke ji: yaro yana yi mata kara, yana jin nauyin ta yi masa aiki. A wurinta "ki huta" godiya ce tun kafin a yi aikin.

Wata rana na tafi Tsohon Birnin Gwari sa tagogi tun da safe, matata kuma ta tafi suna. Gwaggo ta samu fili. Ta kwashe ruwan da ƙwarya sai ɗan abin da ya rufe kifin, ta tsame ganyen baushe da bututun ta watsar a bola, ta goge gilashin tas. Ta jawo ruwa ta jefa alam, irin yadda suke yi wa ruwan rafi a ƙauye don ya kwanta, ta cika akwatin maƙil har yana tumbatsa. Ragar waya ba murfi ba ce a idonta. Ta shimfiɗa leda a kan ruwan, ta ɗora katako, ta mayar da dutsena a kai.

Na dawo bayan la'asar na tarar da Yaya tsaye a tsakiyar falo, gwangwani a hannu. Ruwa garai-garai, kana hango bango ta cikinsa. Yaunin yana kwance a ƙasa, ciki sama, bakinsa duk ya ƙuje wurin dukan katako. Kifi ne ruwa ya ci, a cikin falona.

Wallahi ban taɓa jin abin da na ji ranar ba. Na ɗaga katakon na yi jifa da shi tsakar gida har ya tsage. Na juyo zan buɗe baki, sai ga Gwaggo a bakin ƙofa tana goge hannu da gefen zane, fuskarta a sake, tana jiran a ce mata sannu. Ta kalle ni, ta kalli akwatin, ta kama haɓa.

"Na ga ruwan ya yi datti ne," ta ce, muryarta can ƙasa.

Me zan ce mata? Matar da aka ƙone wa rumbu, aka kore ta daga ɗakin da ta yi aure a ciki? An ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, kuma na san ba ita ce makashin ba, tsinannun nan ne. Amma na ji haushinta, har yau ina ji, ba zan yi ƙarya ba. Ina jin haushin tsaftarta, da alam ɗinta, da "to" ɗin da ta ce mini.

Yaya ne ya yi magana. "Sannu da aiki, Gwaggo," ya ce.

Ya ajiye gwangwanin a kan taga, ya naɗe hannun riga, ya tsamo kifin. Ya nemi wuƙa ya fita bakin rijiya ya gyara shi tsaf, yadda Baba ya koya masa, don a gidan masunta ba a zubar da kifi. Matata ta dawo ta yi farfesu. Yaya da kansa ya zaɓi tsokar tsakiya ya tura gaban Gwaggo, ta ci tana hawaye. Aka miƙo mini nawa na ture kwanon.

Washegari la'asar ta yi, ban ji sallamar Yaya ba. Rana ta biyu ma haka. Tanar da ya bari ta bushe a gwangwani. Na ce masa zan nemo wani yaunin ko daga ina ne, ya ce "uhm". Akwatin yana nan a falo, Gwaggo ta mayar da shi randa, kullum a rufe.

Kwanakin baya aka fara cewa an yi sulhu, motoci sun soma bin hanya, har wasu sun koma gona. Ban yarda da sulhun ba, amma na hau babur na tafi wurin Yaya da gudu. Na same shi zaune a ƙofar ɗaki, ya zuba wa ƙasa ido.

"Yaya, an ce hanya ta buɗe. Tashi mu je kogi."

Ya ɗago ya dube ni.

"Mu kai masa me?" ya ce.