Mazauni na Uku a Jirgin Halidu

Malam Halidu ba ya zama a kan abin da ya wuce gwiwarsa tsawo. In an ba shi kujera a gidan suna, sai ya ɗora tafin hannu a kanta, ya ɗan girgiza ta, ya ce an gode, ya nemi tabarma. Shekara ashirin da shida yana shiga motar da ke kai ma'aikata bakin ramin haƙar ma'adini, ba a taɓa ganinsa kusa da taga ba. Tsakiya yake zama, ƙafafu a ware, kamar mai jiran ƙasa ta motsa.

Matarsa Mina ta daɗe ba ta san dalili ba. Ita 'yar duwatsun Ayar ce, ta tashi tsakanin awaki da rijiya. Ruwa mafi yawa da ta taɓa gani shi ne na ƙorama in damina ta yi kyau, wanda ke wucewa cikin yini guda. Shi kuwa mutumin Tabalak ne, can ƙasar Tawa, inda tafki ke kwance rani da damina. Ɗan masunta ne, amma ita kafinta ta same shi a Arlit, kuma bai taɓa sayo kifi ya kawo gida ba.

Sai da suka shekara tara da aure, wata yayarsa ta zo ganin jariri, ta ba Mina labarin suna tsintar shinkafa. Ranar kasuwa ce, tafki lafiya lau, ko iska babu. Jirgin wansu Ahmudu mutum huɗu yake ɗauka, a ƙasan jirgin suke zama. Mata suka yi ta ƙorafin zannuwansu na jiƙewa. Sai aka gicciye katako biyu a kan bakin jirgin, aka buga ƙusa, mutum bakwai suka hau suka zauna a bushe. Ana tsakiyar ruwa wata ta karkata za ta gyara goyo. Uku aka fitar da rai. Ahmudu ba ya cikinsu.

Mina ta ce, "Wa ya buga katakon?"

Yayar ta ci gaba da tsintar shinkafa. Can ta ce, "Ahmudu dai bai taɓa iya riƙe guduma ba."

Mina ba ta ɗaga maganar ba, har suka tsufa.

Autansu Yasir a Arlit aka haife shi, a Arlit ya yi gemu. Da aiki ya ja baya a garin, ya shekara uku yana tuƙa masu neman zinariya zuwa Cibarakatan. Wata rana ya dawo ya ce ya gaji da hanyar. Zai koma garin ubansa da matarsa Balki da jaririnsu, ya koyi kamun kifi a wajen dangi, ranar kasuwa kuma ya riƙa tsallakar da mutane.

Tari ya riga ya kama Halidu a lokacin, magana sai da hutu. Ya ce, "In dole ne, ni zan yi jirgin. Ba wani ba."

Yana da katakon tsofaffin akwatunan inji da ya tara a bayan ɗaki. Da su ya fara, a tsakar gida, a garin da kogi mafi kusa ya fi kwana guda a mota. Manyan motoci na komawa kudu ba kaya, kuma hanyarsu ta gefen tafkin ta bi. Ɗauka ba za ta yi wuya ba. Maƙwabcinsu Amastan, mai garka, wato lambu, kullum sai ya leƙo ta kan katanga.

"Malam Halidu, ruwan ɗufana aka ce maka yana tafe? In haka ne ka bar wa jakina wuri."

"Jakinka ya fi ka hankali, shi zan ɗauka in bar ka."

Cikin wata huɗu jirgin ya tsaya, siriri, baƙi da kwalta. Saura mazauni.

Halidu ya durƙusa cikin jirgin, ya auna taƙi ɗaya daga ƙasa, ya ja layi da alli a wuri uku. Yasir ya leƙa ya yi dariya.

"Baba, wannan ai gwiwar mutum za ta taɓa haɓarsa. Mutum biyar kaɗai? Ka gicciye su nan bisa baki mana, takwas za su zauna har da kayansu."

"A'a."

"Mu a hanyar Cibarakatan ashirin da biyar muke ɗorawa. Jarkoki a ƙasa, buhuna a kai, mutane a can ƙoli, ƙafafu na lilo a waje. Kaya a ƙasa, mutum a sama, haka kowa ke lodi."

"Wanda ya faɗo daga motarka ina kake samunsa?"

"A kan yashi, yana zagina."

Halidu bai yi dariya ba. Ya ce Mina ta cika masa baho da ruwa. Ya samo gwangwanin sardin, ya jera tsakuwa biyar a cikinsa, ya ɗora a kan ruwan, ya tura da yatsa. Gwangwanin ya yi rawa ya dawo daidai. Ya kwashe tsakuwar, ya gicciye tsinke mai faɗi biyu a bakin gwangwanin, ya jera tsakuwa biyar ɗin nan a kai. Bai ma taɓa ba. Tari ya taso masa, gwiwarsa ta bugi bahon kaɗan, gwangwanin ya kife.

Mina ta ji ƙarar tsakuwar ɗaya bayan ɗaya a gindin bahon. Balki na tsaye a bayanta da jariri a goye, tana ɗan karkatawa tana gyara zani.

Yasir ya ce, "Gwangwani ne fa, Baba."

Mazauni na farko ya ci kwana uku. Halidu ya yanka katakon daidai faɗin cikin jirgin, ya kafa shi a haƙarƙarin jirgin da ƙusa huɗu kowane gefe, ya hau ya taka, ya girgiza. Na biyu sai da ya ci mako biyu, don zarto ya fara fin ƙarfinsa. Yakan ja sau goma ya zauna. Yasir ya ce a ba shi ya ƙarasa, ya hana.

A cikin kwanakin ne Mina ta je ɗauko tsintsiya a bayan ƙyauren ɗakin Yasir, ta tarar da katako biyu a jingine, sababbi, dogaye. Ba ta iya karatu ba, amma ta iya awo da igiyar zani. Ta auna su, ta je ta auna bakin jirgin daga gefe zuwa gefe. Daidai, har da ɗan saura na ƙusa.

Ta sami Halidu a inuwar jirgin bayan la'asar.

"Malam, ka faɗa masa."

"Mi zan faɗa?"

"Abin da ya hana ka cin kifi."

Ya ɗago ya dube ta, irin kallon da bai taɓa yi mata ba cikin shekara arba'in. Bai tambayi inda ta ji ba. Ya shafa layin alli na uku da yatsa, a hankali, don kada ya goge.

"Bari in gama wannan. In na gama, sai mu zauna ni da shi a ciki."

Ranar Talata ya ɗauki zarto bayan azahar, ya ja sau huɗu, ya ce a shimfiɗa masa tabarma. Daga nan bai tashi ba, kafin magariba an rufe shi.

Bayan sadakar arba'in mota ta samu. Da safe Yasir ya fito da dogayen katakon nan biyu a kafaɗa. Mina na zaune a ƙofar ɗaki cikin takaba. Ta ce, "Auta, aje su. Shiga jirgin nan ka zauna."

"Inna, direba na jira."

"Ya jira."

Ya shiga ya zauna a mazaunin farko, gwiwa kusa da haɓa. Ta ba shi labarin ranar kasuwa, da zannuwan da ke jiƙewa, da matar da ta karkata. Ta faɗi sunan Ahmudu, wanda Yasir bai taɓa ji a gidan ba. Da ya tambayi wanda ya buga katakon, ta dubi gudumar ubansa da ke rataye a bango.

Direba ya yi ta danna oda a waje. Can Mina ta ga Yasir ya sa babban yatsa a ƙasan jirgin, ya buɗe taƙi zuwa layin allin. Ya tashi ya samo tsohon buhu ya rufe layin, ya danne da dutse, don kada hanya ta goge shi.

Amastan da mutum biyar suka ɗaga jirgin. Wannan karon Amastan bai yi ba'a ba. Ana cikin ɗaure igiya wani ya miƙa dogayen katakon sama, Yasir ya karɓa ya tura su gefe. Ko don ya yanka su gajeru ne, ko don wani abu, Mina ba ta ga fuskarsa ba.

Da motar ta tafi ta koma tsakar gida. Inda jirgin ya kwanta wata shida akwai sawunsa a ƙasa, da ɗigon kwalta. A gefe ga katakon mazauni na uku, zarto na cikinsa, ya shiga yatsa biyu ya tsaya.